Garin gamji ne ko na ceɗiya? Muhawarar da DNA na kuloroplas ta tayar

Ɗalibar Tsirrai:
Assalamu alaikum. Malamai da yayye, a taimaka min kafin kaina ya fashe. Ina aikin digiri na biyu kan sassaƙen da masu maganin gargajiya ke sayarwa. Na sayo garin sassaƙe ƙulli shida daga mutum shida a kasuwa, kowa ya rantse min gamji ne. Na ciro DNA, na yi PCR, wato hanyar ninka guntun DNA a ɗakin gwaji, da rbcL da matK kamar yadda malamina ya ce, na aika aka karanto. Da na zuba sakamakon a GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, sai ya jero min gamji, da ceɗiya, da ɓaure, da wasu itatuwan Indiya da Sin da ban taɓa jin sunansu ba, kowanne ya yi daidai da nawa kashi 99 da ɗoriya. To wanne zan rubuta? Kuɗina ya tafi a banza ke nan?

Ɗan Mai Magani:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, da kin kawo wa Babanmu ƙullin nan, da ya shinshina ya ɗanɗana ya faɗa miki kyauta, har ya haɗa miki da addu'a.

Injiniya:
Kai dai ba ka rabo da tsokana. Ni a fara yi min bayani tun daga tushe. Mene ne rbcL ɗin nan, kuma me ya haɗa shi da sassaƙe?

Dakta:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, kuɗinki bai tafi a banza ba. Sakamakon ya amsa miki tambaya guda, wato duk ƙulli shidan daga gidan Ficus suka fito, gidan su gamji da ceɗiya da ɓaure, ba a cusa miki sassaƙen mangwaro ko na darbejiya ba. Tambaya ta biyu, wato wane jinsi ne a cikinsu, ita ce bai amsa ba, kuma dama ba a sa ran ya amsa ta a wannan gidan.

Injiniya, ga bayaninka. A cikin ƙwayar halittar ganye akwai wasu 'yan ƙananan korayen abubuwa da ake kira kuloroplas. Su ne madafar tsiro, a nan yake haɗa abincinsa da hasken rana da ruwa da iska. Abin mamakin shi ne suna da nasu DNA daban da wanda ke cibiyar ƙwayar. Ƙarami ne ƙwarai. A yawancin tsirrai haruffansa, wato ƙananan sinadaran da ke jere a DNA kamar rubutu, ba su wuce 120,000 zuwa 160,000 ba, ƙwayoyin gadon da ke ciki kuma tsakanin 110 da 130 ne. Kwatanta da masara, wadda DNA na cibiyarta ya haura haruffa biliyan 2.

A 1986 aka fara karance shi kaf, kuma a Japan ne har sau biyu. Masu bincike a Nagoya suka karanta na taba, haruffa kusan 156,000, na Kyoto kuma suka karanta na wani ɗan tsiro mai lafewa a danshi, Marchantia. Na shinkafa ya biyo baya a 1989. Shi rbcL guntu ne a cikin wannan kundi, shi ke ɗauke da umarnin ƙera babban ɓangaren sinadarin rubisco, wanda ke kamo iskar kabon daga sarari. Shi ma matK wani guntun ne, amma ya fi rbcL saurin canzawa.

Injiniya:
Na gode Dakta. Amma me ya sa madafa za ta riƙe nata kundin daban? Kamar a ce kicin ɗin gida yana da takardar filinsa shi kaɗai.

Dakta:
Ai misalinka ya faɗa daidai. Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne asalin kuloroplas wata bakteriya ce mai zaman kanta, daga cikin waɗanda ake kira sayanobakteriya, ta shiga cikin wata ƙwayar ta zauna, zaman ya ɗore. Wani Barashe, Konstantin Mereschkowsky, ya faɗi haka tun 1905 ba a kula shi ba. Lynn Margulis ta sake tayar da zancen a 1967, ita ma ta sha suka kafin hujjar DNA ta mara mata baya. Yawancin ƙwayoyin gadon baƙuwar sun ƙaura zuwa cibiya, ɗan abin da ya rage shi muke karantawa.

Abu Hafsa:
Dakta, da girmanka, wannan ba shi ne zancen juyin halittar nan da ake ta rigima a kai ba?

Dakta:
Malam Abu Hafsa, tambayarka a kan hanya take, amma in muka buɗe wannan ƙofar ba za mu koma kan gamjin yarinyar nan ba sai gobe. Abin da muke aunawa a nan shi ne kusanci da nisa tsakanin tsirrai, abin da manomi ma ya sani idan ya ce gero da maiwa 'yan gida ɗaya ne. Wancan babban zancen a ba shi zaurensa daban, zan zo.

Abu Hafsa:
To madalla, na riƙe ka da alkawari.

Ɗalibar Tsirrai:
Dakta, to in an san rbcL da matK ba sa raba gamji da ceɗiya, don me ake cewa su ne lambar shaidar tsirrai? Duk takardun da na karanta haka suka ce.

Dakta:
Saboda su ne mafi dama-dama a cikin abin da aka gwada, ba don sun cika ba. Tarihin abin shi ne, a 2003 Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa gane dabbobi da guntu ɗaya tak na DNA, wato COI, daga mitokondiriya, sashen ƙwayar halitta mai samar da ƙarfi, wanda shi ma yake da nasa DNA. Ga tsuntsaye da kifi da malam-buɗe-littafi abin ya yi aiki sosai. Da aka zo kan tsirrai sai ya ƙi, don haruffan mitokondiriyar tsiro suna canzawa a hankali ƙwarai, sai ka ga jinsi biyu mabambanta da rubutu iri ɗaya. Aka yi shekaru ana ja-in-ja, sai a 2009 rukunin masana tsirrai na CBOL, ƙungiyar masu aikin lambar shaidar halittu, suka tsayar da rbcL da matK. Su da bakinsu suka ce a gwajinsu haɗin biyun ya raba jinsi da jinsi a kashi 72 cikin 100 ne kawai. Sauran sai dai ya kai ka ƙofar gida, bai nuna maka ɗaki ba. Ke kuma kin faɗo gidan da ya fi kowanne cunkoso. Ficus ya haura jinsi 800 a duniya, kuma kuloroplas ɗinsu kusan kwafin juna ne.

Ƙara ITS, wani guntu daga DNA na cibiya, ki haɗa da trnH-psbA, wani guntun na kuloroplas. A kan Ficus ITS ya fi waɗancan biyun kaifi. Sai dai ki yi hattara, garin da ya kwana a kasuwa yakan yi fumfuna, ita ma fumfunar tana da ITS, sai ki wayi gari kin karanto ta maimakon itacen.

Mai Kwamfuta:
Ranka ya daɗe Dakta, a gafarce ni, amma ni ina ganin zancen guntu biyu ko uku ya zama tsohon yayi. Yanzu ana karanta kuloroplas ɗin gaba ɗaya. Ka zuba DNA a injin karanta shi na Illumina, ka yi karatu sama-sama ba mai zurfi ba, tunda kowace ƙwayar ganye tana ɗauke da kwafinsa ɗaruruwa zuwa dubbai, shi ne zai fara cika. Ka haɗa shi da manhaja irin GetOrganelle a laftof ɗinka, ka samu da'irar nan mai kashi huɗu: babban yanki, ƙaramin yanki, da tagwayen nan biyu masu kallon juna. Haruffa 160,000 ina za a haɗa su da 1,400 na rbcL da matK? Abin da guntu ya kasa rabawa, kundin duka zai raba.

Dakta:
Zai raba wasu, ban musa ba. Ni ma da shi nake aiki yanzu. Amma akwai ciwon da yawan haruffa ba ya warkarwa, kuma shi ne abin da nake so ƙanwarmu ta fahimta ko da ta manta komai. A yawancin tsirrai masu fure, kuloroplas ta wajen uwa kawai yake bi. Garin fure, wato ɓangaren uba, ba ya kawo shi. Carl Correns ya lura da haka tun 1909 a wani furen lambu mai suna Mirabilis: launin ganyen 'ya'yan, kore ko fari ko dabbare-dabbare, yana bin reshen da ya ɗauki iri, ko daga ina garin furen ya zo. Saboda haka haruffa 160,000 ɗin nan shaida ɗaya ne yake magana da dogon baki, kuma labarin ɗakin uwa kaɗai ya sani.

Ɗauki misali. An auro mace daga wani gari. 'Yarta ta auri ɗan garin nan, jikarta ma haka, tattaɓa-kunne ma haka. Bayan zuriya bakwai, kama da harshe da komai na 'yan garin ne, amma in ka bi uwa ta haifi uwa, can wancan garin za ka ɓulle. Haka ke faruwa idan jinsi biyu suka yi barbara, 'ya'yan suka ci gaba da karɓar garin fure daga ɓangare ɗaya. Sai ka samu itace, ganyensa da 'ya'yansa da DNA na cibiyarsa duk na jinsi ɗaya ne, kuloroplas ɗinsa kuwa na maƙwabci. A Ficus an ga haka ƙarara: bishiyar dangantakar da aka zana da kuloroplas ta saɓa da wadda aka zana da cibiya a wurare da dama, duk da cewa kowane jinsi yana da ɗan ƙwaronsa mai kai masa garin fure. Ashe ƙwaron ma yakan yi ɓatan kai.

Mai Kwamfuta:
Na yarda da misalin, amma ai ba kowane gida ne Ficus ba. Kada a sa yara su raina kayan aiki saboda gida ɗaya mai rikici.

Dakta:
Ba gida ɗaya ba ne, tambayi masu aiki kan itacen oak a Turai ko turare a Ostareliya. Amma ban raina shi ba. Wannan bin uwar da ya zama aibi a wajen tantance jinsi, shi ne kuma ya sa ya zama abin nema a wajen tarihi. Gyaɗar da muke nomawa haɗin jinsin daji biyu ce daga yankin kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina, Arachis duranensis da Arachis ipaensis. Wa ya zama uwa a cikinsu? Kuloroplas ya nuna duranensis ce. Auduga ma ta fi ban mamaki. Irin da duniya ta fi nomawa, Gossypium hirsutum, a nahiyar Amurka ya samu, amma a 1989 Jonathan Wendel ya nuna kuloroplas ɗinsa na audugar wannan ɓangaren duniya ne, irin ta Afirka da Asiya. Wato uwar ta ƙetare teku tun kafin ɗan Adam ya san jirgin ruwa, ta haɗu da ta can. Audugar da aka kawo mana daga baya aka shuka a Funtuwa da Gusau, ta wajen uwa kusan gida ta dawo.

A itatuwan fayin, masu ganye kamar allura, kuma abin juyawa yake, ta wajen uba kuloroplas ke bi. Kada wani ya haddace "uwa kawai" ya je ya faɗi a jarrabawa.

Hajiya Mai Lambu:
Ni dai ina gefe ina karatu. Dakta, wata rana a nan ka ce kuka da kuɓewa dangi ɗaya ne. Da wannan abin aka gano?

Dakta:
Da shi Hajiya. A 1993 Mark Chase da tarin abokan aikinsa suka jera rbcL na tsirrai kusan 500 suka zana bishiyar dangantaka, wadda ita ce ta share fagen sabon tsarin rarraba dangogin tsirrai masu fure, wato APG na 1998, da aka sabunta a 2003 da 2009 da 2016. Kafin nan kuka da rimi da itacen gurjiya suna dangi guda, goro da koko suna wani, lalo yana wani, kuɓewa da auduga da rama da yakuwa suna nasu. Da DNA ya yi magana sai aka ga iyakokin nan ba su tsayu ba, aka tattara su duka a dangi ɗaya mai suna Malvaceae.

Hajiya Mai Lambu:
Ikon Allah. To ai mu tun a tukunya muka san kuka da kuɓewa da lalo 'yan ɗaki ɗaya ne, yauƙin ya isa shaida. Goro ne dai ban zata ba. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure ɗan uwan miyar kuka ne?

Ɗalibar Tsirrai:
Hajiya kin tuna min wahalar da na sha. A ajinmu na farko ganyen kuka aka ba ni in gwada ciro DNA. Na daka shi a ɗan turmin tangaran, na zuba ruwan CTAB, sinadarin ciro DNA, na ɗora a ruwan zafi. Da na zo ɗiba da bututun awo, sai abin ya biyo ni da zare kamar ana kaɗa miya, ya ƙi yankewa. Sau uku ina yi. Mai kula da ɗakin gwajin ya leƙo ya ce saura daddawa da tuwo.

Ɗan Mai Magani:
Na yi dariya har yara suka leƙo. Amma bari in yi maganar gaske yanzu. Babanmu ba ya sayen gari, ko an rantse masa. Sassaƙe yake saye da ɓawonsa, in ya samu hali ma shi yake zuwa dawa da gatarinsa. Gamji ɓawonsa ja-ja ne kamar tsatsa, ganyensa faffaɗa ya fi tafin hannu biyu. Ceɗiya ƙananan ganye gare ta da saiwoyin nan masu saukowa daga reshe. Durumi ganyensa sumul yake da sheƙi. A tsaye ko yaro ba ya ruɗa su. Da an daka an tankaɗe, shi ke nan, sai amanar mai sayarwa. Kuma ba duka ne ha'inci ba, wani shi ma sarowa ya yi a hannun wani. Don haka ni ina son aikinki ya yi nasara, ƙanwata, tsokanar ɗazu wasa ce.

Mai Kemis:
Kuma musanyar ganye ba ƙaramin abu ba ce. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, wani wurin rage ƙiba ya ba mata haɗin da ya kamata a ce tsiron Stephania ne a ciki, ashe wani tsiro mai guba, Aristolochia, aka sako saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Mata da yawa ƙodarsu ta mutu, wasu suka kamu da kansar hanyar fitsari. Waɗannan biyun ba dangi ɗaya ba ne, rbcL kaɗai ya isa ya tona asirin. Don haka ko kaiwa ƙofar gidan ma aiki ne babba.

Af, Dakta, ka manta da namu. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma tana ɗauke da ragowar kuloroplas, ana ce masa afikoplas, haruffa kusan 35,000. Ba ya haɗa abinci da rana, amma in ya lalace ƙwayar ba ta rayuwa. Shi maganin doxycycline ke bugu, shi ya sa yake aiki a kan maleriya, duk da a hankali yake yi, ba a dogara da shi shi kaɗai a wajen magani.

Dakta:
Ban manta ba, na bar maka ne. Irin wannan zubar da kaya, wato kuloroplas ya rage ƙwayoyin gadonsa, ana ganinsa a tsirrai masu cin gumin wasu. Akwai Epifagus a Amurka da ke tsotsar saiwar itace, ba ya da kore ko kaɗan. Da aka karanta nasa a 1992 haruffa kusan 70,000 aka samu, ya watsar da na haɗa abinci. Wuta-wutar da ke cinye mana dawa da gero ita ma DNA ne ya sa aka ɗauke ta daga dangin da take aka kai ta dangin Orobanchaceae, wajen su Epifagus. Ita dai har yanzu tana da koren ganye, rabi tana ci da kanta rabi tana sata.

Ma'aikacin Gandun Daji:
Salam. Na makara amma ina da tawa. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, an sa ta a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun 2017 saboda yadda aka yi mata ɗibar karan mahaukaciya ana fita da ita Sin. Matsalarmu a shinge ita ce mota ta zo da gungume an fere shi, ba ganye ba ɓawo, direba ya ce wani itace ne daban. Wannan gwajin zai iya kama shi?

Dakta:
Zai iya, amma da wahala. Tsakiyar katako matattun ƙwayoyi ne, DNA ɗin ya farfashe, ga sinadaran da ke hana PCR tashi. A nan yawan kwafin kuloroplas ke taimakawa, sai a nemi gajerun guntaye. Amma ba abin da za ka yi a bakin titi ba ne direba yana jira. Kuma dole a samu sahihin samfurin madobiya da aka riga aka karanta don a kwatanta.

Wannan ya dawo da ni kanki, ƙanwata. GenBank rumbu ne da kowa ke zubawa, kuma akwai abubuwan da aka saka da sunan da ba nasu ba. Itatuwanmu na nan kuma da yawa ba a karanta su ba, shi ya sa na Indiya da Sin ke fito miki, su aka fi zubawa. Kada ki dogara da shi kaɗai. Ki je da wanda ya san itace, ki samo gamji da ceɗiya da durumi da ɓaure a tsaye, kowanne bishiya uku zuwa biyar daga wurare mabambanta. Ki yanko reshe da ganye da 'ya'ya, ki danne a takarda, ki kai ma'ajiyar busassun tsirrai a tabbatar a ba ki lamba. Akwai a ABU Zariya, akwai babba ta gandun daji a Ibadan. Ɗan ganye kuma ki jefa a leda da silika, 'yan ƙwayoyin nan masu shanye danshi, ya bushe da wuri. Ki karanta waɗannan, su ne ma'auninki, sannan ki ɗora garin kasuwa a kansu.

Mai Kwamfuta:
In ta yi haka, ni na ɗauki nauyin haɗa mata kuloroplas ɗin guda huɗu kyauta, mu ga ko za su rabu. In sun rabu Dakta zai saya min tsire.

Dakta:
In sun rabu kuma sun yi daidai da ITS, har da lemo. In sun saɓa, kai za ka rubuta mata babin bayanin dalili.

Ɗalibar Tsirrai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dama ina ta tunanin yadda zan fuskanci malamina ranar Litinin, yanzu na samu abin faɗa. Yaya Ɗan Mai Magani, ko Baba zai yarda in bi shi dawa? Sannan silikar nan, wadda ake samu a kwalin sabon takalmi za ta yi, ko sai na saya ta ɗakin gwaji?

Dakta:
Ta takalmi ta riga ta sha danshi, kuma ba za ta ishe ki ba. Sayi mai launi, wadda ke canzawa in ta jiƙe, ki riƙa gasa ta a oven kina sake amfani da ita.

Ɗan Mai Magani:
Na tambaye shi yanzu. Ya ce ki zo ranar Asabar bayan asuba, ki sa takalmi rufaffe, kuma ki taho da wuƙarki don ba ya ba da aron tasa.